Ɓeran da Ya Mutu da Ɓeran da Ya Rayu: Gwajin Guba Kafin Maganin Ciwon Daji na Tsirrai Ya Isa ga Mutum

 

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, iyayenmu masu maganin gargajiya da nake hange a sahun gaba, ɗalibai maza da mata, da sauran jama'ar da suka baro harkokinsu suka zo, barkanmu da warhaka.  

An ce in yi magana a kan yadda ake gwada gubar sinadarin da aka ciro daga tsiro a jikin dabba, kafin a yarda a kira shi maganin ciwon daji. Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, don wanda zai fita kafin in gama ya tafi da wani abu. Akwai jimlar da ake yawan ji a ɗakunan bincikenmu, ana kuma jin ta a bakin masu tallar magani da lasifika a tasha: an gwada a kan ɓera, ɓera bai mutu ba. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa a wannan fanni, wannan jimla ba ta wanke magani ba, ba ta kuma tabbatar da shi ba. Sau da yawa ma ɓeran da ya mutu ya fi wanda ya rayu koya mana abu.

Na ɗaya: furen da aka nemi maganin suga a cikinsa.

Akwai wani ɗan fure mai kunnuwa biyar, wani fari wani ruwan hoda, da ake shukawa a gaban ofisoshi da asibitoci da gidajen ma'aikata a garuruwanmu. Asalinsa tsibirin Madagaska ne, masana na kiransa Catharanthus roseus. A Jamaika mutane na dafa ganyensa su sha kamar shayi don ciwon suga. A 1952 aka aika da 'yan ganyayyakinsa zuwa Kanada, suka faɗa hannun Dakta Robert Noble na Jami'ar Western Ontario, don ya duba ko gaskiya ne yana saukar da suga.

Aka ɗura wa dabbobi ruwan ganyen ta baki, suga bai motsa ba, su ma dabbobin ko gezau. Sai aka ce a gwada ta allura. Nan ne labari ya sha bamban. Bayan 'yan kwanaki ɓerayen suka fara mutuwa, jikinsu duk maruru. Mai gaggawa da sai ya ce ganyen guba ne, ya watsar ya kama wani. Su kuwa suka tsaya tambaya: me ya kashe su? Suka gano ƙwayar cuta ce ta cinye su, irin wadda lafiyayyen ɓera ke iya yaƙa. To me ya hana waɗannan yaƙarta? Aka duba jini, aka tarar fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun jiki, sun yi ƙasa warwas. Aka duba ɓargo inda ake ƙera su, aka tarar ya tsaya da aiki.

Ku lura da tunanin da ya biyo baya. Akwai ciwon dajin jini wanda matsalarsa ita ce fararen ƙwayoyin nan suna hayayyafa ba birki. Abin da ke iya karya su a lafiyayyen jiki, ba zai iya karya su a jikin da suka yi yawa ba? Wani masanin sinadarai, Charles Beer, ya shiga aikin, a 1958 suka ware sinadarin da yanzu ake kira vinblastine. A daidai wannan lokaci masu bincike na kamfanin Eli Lilly a Amurka, ciki har da Gordon Svoboda, suna bin sawun ganyen nan, suka fito da ɗan'uwansa vincristine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963. Yau vincristine na cikin magungunan da suka sa kusan tara cikin goma na yara masu nau'in ciwon dajin jini da ya fi yawa ke warkewa a ƙasashe masu hali. A nan gida ma ana sa shi cikin haɗin da ake ba yara masu ciwon nan da ke kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

Wani abu nake so ɗalibai su riƙe. Ganye ɗaya ne, ruwa ɗaya ne. Ta baki, shiru. Ta allura, mutuwa. Da Noble ya tsaya a gwajin baki, da ya rubuta cewa ganyen ba shi da guba, da kuma ya yi kuskure sau biyu: bai ga gubar ba, bai ga maganin ba. Kuma don Allah kada wani ya fita daga nan ya tsinko furen ofis ya dafa wa mara lafiya. Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya na sinadarin, sauran abin da ke tukunyar kuwa tarkacen wasu sinadarai ne fiye da ɗari.

Na biyu: me ya sa maganin ciwon daji yake da zafi haka?

Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro baƙuwa ce a jiki, gininta daban da namu, don haka ana iya samun abin da zai kashe ta ya bar mu. Ƙwayar ciwon daji kuwa tamu ce, ta jikinmu ce ta kangare. Manoman shinkafa a cikinku sun san wahalar ciyawar da ta yi kama da shinkafa: duk feshin da zai ƙone ta yana iya lasar shukar. Vincristine da vinblastine suna hana ƙwaya rabuwa gida biyu. Ƙwayar daji na yawan rabuwa, sai ta fi shan kashi. Amma ɓargo ma na yawan rabuwa, haka fatar cikin hanji, haka tushen gashi. Shi ya sa mai shan kemo gashinsa ke zubewa, bakinsa ya yi gyambo, jininsa ya yi ƙasa. Tambayar da ake kai wa dabba ba ita ce ko akwai guba ba. Akwai. Tambayoyin su ne: a wane awo take farawa, wace gaɓa take fara kamawa, kuma idan an daina ba da maganin, gaɓar tana farfaɗowa ko ta tafi ke nan?

Na uku: yadda ake yin gwajin.

Matakin farko shi ne ba da maganin sau ɗaya a zuba ido. A 1927 wani Bature a Ingila, J. W. Trevan, ya kawo ma'aunin da ake kira LD50, wato awon da zai kashe rabin dabbobin da aka ba. Tsohuwar hanyar na cin dabbobi da yawa, har ƙungiyar OECD ta soke ta daga ƙa'idojinta a 2002 ta maye gurbinta da hanyoyin da ke cin kaɗan. A jami'o'inmu an fi sabawa da hanyar Bajamushe Lorke ta 1983. Ɗalibai, kun san ta kamar yunwar cikinku: ɓeraye tara a kasa uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1,000 a kowane kilo na nauyin jiki, idan ba wanda ya mutu, a ɗauko wasu a ba su 1,600, 2,900 da 5,000. Gari ya waye kowa na raye, sai a rubuta cewa LD50 ya haura 5,000, tsiron ba shi da hatsari. An gama, a je a buga.

Ban raina wannan gwaji ba, yana da amfaninsa. Amma me ya gaya mana? Ya ce ɗanyen abin da aka tatso, idan aka ɗura shi ta baki sau ɗaya, bai kashe 'yan ɓeraye goma sha biyu ko sha uku ba. Bai ce komai a kan mai shan kofi biyu kullum na wata shida ba. Bai ce ko abin ya ratsa hanji ya shiga jini ba. Bai ce komai a kan mai juna biyu ba.

Gwajin da ke magana sosai shi ne na maimaitawa: kullum, kwana 28, ko kwana 90. A nan ne ake gane mai haƙuri. Kowace safiya ka buɗe keji kafin ka taɓa komai, ka duba. Lafiyayyen ɓera gashinsa a kwance yake yana sheƙi, da jin motsinka zai miƙe ya shinshina. Wanda magani ya fara taɓawa zai dunƙule a lungu, gashi a tsaye, ido a lumshe, wani lokaci da jan ɗigo kamar jini a gefen ido da hanci. Ka auna nauyinsa, ka auna abincin da ya rage, ka auna ruwan da ya sha, ka dubi kashinsa. Ranar ƙarshe a ɗebi jini a ƙirga ƙwayoyi, a auna alamomin hanta da na ƙoda. Sannan a feɗe. A ciro hanta, ƙoda, saifa, zuciya, huhu, maraina, a ɗora kowanne a sikeli, a yanka siriri a rina a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sau nawa ɓera na yawo garau a keji, amma madubi ya nuna bututun ƙodarsa sun fara ruɓewa? Kuma a ware wani rukuni a daina ba su maganin, a bar su makonni a ga ko ɓarnar za ta gyaru. Wannan rukuni ne aka fi yawan tsallakewa a wurinmu, saboda abincin ɓera kuɗi ne, ɗalibi kuma daga aljihunsa yake saya.

Ƙa'idar duniya ta fi son a gwada a jinsi biyu, ɗaya daga dangin ɓera, ɗaya daga waje, galibi kare. Za mu ga dalili.

Na huɗu: daga ɓera zuwa mutum.

Yanzu a ce an sami awon da ke jigata ɗaya cikin goma na ɓerayen jigata mai tsanani. Nawa za a ba mutumin farko? Bari mu yi lissafi da adadin da na ƙaga don misali kawai. A ce awon nan miligiram 12 ne a kowane kilo a jikin babban ɓeran gwaji. Mutum mai kilo 60, mai lissafin kasuwa zai ce 12 sau 60, miligiram 720. Wannan lissafi na iya kisa. Ƙaramar dabba jikinta ya fi saurin sarrafa magani ya fitar, don haka tana jure abin da babba ba zai jure ba. A 1966 Emil Freireich da abokansa suka kwatanta magungunan daji 18 a jinsuna daban-daban har da mutum, suka nuna awon ya fi daidaita idan an bi faɗin fatar jiki maimakon nauyi. Daga nan aka sami alƙaluman da ake amfani da su: awon babban ɓera a raba da 6.2, na ƙaramin ɓera da 12.3, na kare da 1.8. To 12 a raba da 6.2, kusan 2 ke nan. Sannan ƙa'idar magungunan daji ta ce a fara da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ya zama 0.2 a kilo, mai kilo 60 ya sami kusan miligiram 12. Ku dubi tazarar: 720 da 12.

Daga wannan ɗan awo ake farawa, a kan marasa lafiya 'yan kaɗan da suka amince da bakinsu bayan an yi musu bayani, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Babban mutum ba a cika ba shi vincristine fiye da miligiram 2 a lokaci guda ba, kuma ta jijiyar jini kaɗai. Idan aka yi kuskure aka sa shi a ruwan laka, kusan ko yaushe ajali ne. To wa ya isa ya auna irin wannan da murfin jarka?

Na biyar: inda dabba ke yin shiru.

Kada in bar ku da tunanin ɓera ya san komai. Ɓera ba ya amai, halittarsa ke nan, don haka ba zai nuna maka maganin da zai hana mara lafiya riƙe ko ruwa a ciki ba. Sai kare ko wata dabba. Ɓera ba zai ce maka yatsunsa sun yi sanyi suna tsikari ba, alhali wannan lalacewar jijiya ita ce babbar illar vincristine a mutum. Abin mamaki, vinblastine da vincristine ɗan ƙaramin reshe ɗaya ne ya bambanta gininsu, amma ɗaya ɓargo ya fi kamawa, ɗaya jijiya. Wani nazari da aka buga a 2000 a kan magunguna 150 ya nuna dabbobi sun hango kashi 71 cikin ɗari na illolin da aka gani a mutane. Dangin ɓera su kaɗai kashi 43 suka hango. Ga dalilin jinsi na biyu.

Tsakanin 1960 da farkon shekarun 1980, cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta gwada samfura sama da 100,000 na abin da aka tatso daga tsirrai. Waɗanda suka zama magani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Biyu daga ciki sun fito daga hannun mutum biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani. Na farko camptothecin, daga wata bishiyar Sin, a 1966. A jikin ɓera ya yi abin a zo a gani. Amma ba ya narkewa a ruwa, sai aka sauya masa siffa don ya shiga allura. Sabuwar siffar ba ta da ƙarfi a jini, sai aka ƙara awo. Da ta isa mafitsara, tsamin fitsari ya mayar da ita siffarta ta asali mai zafi, marasa lafiya suka riƙa fitsarin jini. Aka jingine shi shekaru, sai a 1996 'ya'yansa biyu, topotecan da irinotecan, suka sami amincewa a Amurka.

Na biyu Taxol, daga ɓawon wata bishiya a arewa maso yammacin Amurka. An ɗebo ɓawon a 1962, an bayyana ginin sinadarin a 1971, an fara gwada shi a mutane a 1984, an amince da shi a 1992. Shekara 30 cif. Shi ma ba ya narkewa a ruwa, sai aka narka shi a wani haɗi da aka sarrafa daga man zurma, zurmar nan tamu ta bayan gida. Da aka fara ba mutane, wasu numfashinsu ya riƙa sarƙewa, jini ya faɗi, har aka rasa rai, aikin ya kusa rushewa. Akasarin laifin na abin narkawar ne, kuma an san kare na yin irin wannan idan aka sa masa shi. Aka shawo kan matsalar da ba da magungunan kariya tukuna da kuma sakin ƙarin ruwan a hankali. Iyayenmu masu magani, wannan ya shafe ku kai tsaye: ba sassaƙen kaɗai ake gwadawa ba, har abin da aka jiƙa shi a ciki, da kanwar da aka jefa, da mazubin da aka adana shi.

Daga nahiyarmu ma akwai maytansine, wanda Morris Kupchan ya ciro daga wani tsiron Habasha a 1972. Gubarsa ta fi ƙarfin amfaninsa a mutane, aka ajiye shi. Sai da aka koyi ɗaure jikansa a jikin wani sinadari mai kai shi ƙofar ƙwayar daji kai tsaye, ya dawo a 2013 a matsayin maganin wani nau'in ciwon dajin nono.

Na shida: gubar da ba ta gaggawa.

Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Kupchan ɗin nan, a 1962, ya ware wani sinadari daga tsiron Aristolochia saboda yana hana ƙari girma a gwaji. A 1982 masu bincike a Jamus suka ba ɓeraye shi na watanni, suka ga shi kansa yana haifar da ciwon daji. Gargaɗin yana nan a rubuce. Shekara goma bayan haka, a birnin Burasel na Beljiyam, wani wurin rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyin ganye da aka yi kuskuren sa wani nau'in tsiron a ciki. Sama da mata 100 ƙodarsu ta lalace. Daga cikin 39 da aka yi wa tiyata daga baya, an sami ciwon daji a hanyar fitsarin 18. Ba wadda ta faɗi ranar da ta haɗiyi ƙwayar farko. Na kawo wannan ne domin duman dutse da muka sani ɗan wannan dangi ne, kuma ya cancanci a bincike shi da gwajin watanni, ba na kwana ɗaya ba.

Sai maganar lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Lambar da take ba akasarin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, ta wucin gadi ce. Ma'anarta an duba an ga ba a sami hatsari a gwajin da aka yi ba. Ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da mai shi ya ce, shi ya sa ake wajabta rubuta hakan a jikin kwalba. Mai ƙari a nono da ta ga lambar ta fasa zuwa asibiti wata takwas, lambar ba ta yi mata alkawarin komai ba. Kuma mai shan kemo da ke haɗawa da jiƙo a ɓoye, ya sani hanta ɗaya ce ke sarrafa duka biyun. Ku gaya wa likita. Ku kuma likitoci, ku tambaya ba tare da tsawa ba, don tsawar ce ke sa a ɓoye muku.

Na bakwai, kuma a taƙaice: haƙƙin dabbar.

Wani zai ce, Malam, duk wannan feɗe-feɗe fa? Tambaya ce mai kyau. Mun taso da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. A 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: inda za a iya amfani da wani abu maimakon dabba, a yi, inda dole ne, a rage yawa, a kuma rage azaba. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire wajabcin gwajin dabba daga dokar magungunanta, ta buɗe ƙofa ga gwajin ƙwayoyin mutum a ɗakin bincike da lissafin kwamfuta, ko da yake har yanzu waɗannan ba su ɗauke nauyin duka ba. A ganina, zaluncin da ya fi yawa a wurinmu shi ne gwajin da aka yi sakaka: keji a ɗaki mai zafi, ba ruwa ranar Lahadi, ba rukunin kwatance, ba a tantance sunan tsiron ba, a kashe dabba 40 a fito da sakamakon da ba wanda zai iya dogara da shi. Idan ɗalibai biyar za su yi gwajin Lorke a kan tsirrai biyar, na fi son su haɗa kuɗinsu da ɓerayensu su yi na kwana 90 a kan tsiro ɗaya, tare da mai maganin da ya san yadda ake haɗa shi da yadda ake sha.

Mai girma shugaba, na ga an miƙo mini takarda, na san ma'anarta.  Wanda ke da tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, ga abin magana nan, bismillah.